Wa Ya Yanke Ƙarshen Jirgin Baƙi

Juma'ar da ta wuce, muna cin shinkafa a ɗakinku na unguwar Kudai a nan Makka, ɗaya daga cikinku ya dube ni ya ce, "Dakta, wai da gaske an taɓa biyan ka albashi shekara biyu don ka kalli katun?" Kuka yi ta dariya har wani ya ƙware. Na ce gaskiya ne, na ci gaba da cin abincina, don ba na bayani da loma a baki. Ga bayanin yanzu a rubuce. Ku ɗaliban Hadisi ne da Fiƙihu, a wurinku duk wanda littafinsa ba shi da bango mai ruwan zinare wasa yake yi. To ku karanta, in ya so wanda ya ga aikin da sauƙi ya zo in ba shi kaset ɗaya ya gwada.

Sunan aikin bincike bayan digiri na uku. Ka gama karatu, an kira ka dakta, amma babu jami'ar da ta ba ka kujera. Sai wata gidauniya ta ce za ta ciyar da kai shekara biyu, kai kuma ka rubuta takardu a mujallun ilimi. Idan takardun sun yi kyau a ƙara maka shekara biyu, idan ba su yi ba a gode maka da wasiƙa mai layi uku. Nawa fannin shi ne siyasar da ke cikin labaran ƙirƙira na kimiyya na Japanawa, wato labaran mutum-mutumi da jiragen sararin samaniya. Mutanen nan ba sa son gardama a bainar jama'a, sai su ɗauki gardamar su zuba ta cikin katun: wa ya cancanci mulki, wane ne ɗan ƙasa, ko na'ura za ta iya zama alƙali, me za a yi da soja bayan an gama yaƙi. Ni kuma tambayata ita ce, me ya rage na wannan gardama bayan an juya katun ɗin zuwa Larabci an ba yara irinmu.

A Nakkasa aka haife ni, wata unguwa a kan duwatsun Makka, can sama inda mota take tsayawa mutum ya ƙarasa da ƙafa. Kakana ya zo aikin Hajji daga ƙasar Kano, bai koma ba. Na yi digirin farko a Kano, na samu tallafin karatu na tafi Japan, na yi shekara shida ina cin ɗanyen kifi ina nuna kamar yana min daɗi. Da na samu aikin binciken, a shekarun nan na bayan dubu biyu da goma, sai na dawo Makka na kama ɗaki a Shisha, domin kayan aikina a garin suke, cikin kwali a ƙarƙashin gadon gwaggona.

Aiki na farko da malamata ta ba ni a Japan, wani yanki ne na katun mai daƙiƙa arba'in. Malamar wata dattijuwa ce 'yar ƙarama, ba ta kai kafaɗata ba, Sensei muke ce mata, wato malama. A yankin, wani janar ne yake shiga majalisa ya zauna. Shi ke nan. Na kalla sau biyu, na rubuta shafi huɗu a kan zaluncin soja, na kai mata ina taƙama. Ta karanta layin farko ta ajiye. Ta ce, "Wa ya fara miƙewa da ya shigo?" Ban sani ba. "Wa bai miƙe ba?" Ban sani ba. "Takobinsa a ina ya ajiye?" Ban ma lura yana da takobi ba. Mako uku na yi a kan daƙiƙa arba'in ɗin nan. Ta koya min a raba kati gida biyu: hagu abin da ido ya gani, dama abin da kai ya raya. Idan ta ga ra'ayi ya tsallako hagu, ba ta faɗa, sai ta yaga katin a hankali ta miƙo maka gutsattsarin da hannu biyu cikin ladabi, har da ɗan rusunawa.

Kayan aikina a Shisha su ne talabijin biyu a jere, ɗaya na nuna asalin Japananci, ɗaya na nuna na Larabci. Sai tsohuwar na'urar bidiyo da na samo a kasuwar gwanjo ta Jidda, wadda sai an mare ta a gefe take fito da kaset. Sai agogon gudu irin na masu horar da 'yan tsere, da ƙamus mai nauyin bulo, da auduga da sifirit na goge kan na'ura, da kwalayen takalma cike da katunan rubutu. Kaset ɗin da ya shekara talatin a zafin Makka ba a sa shi a na'ura kai tsaye. Sai ka kwance sukurorinsa, ka juya zaren da hannu, ka duba inda ya manne. Inda ya tamuke sai ka shimfiɗa shi a kan gilashi ka lallashe shi da bayan cokali. Kashi ɗaya na katun minti ashirin da biyar ne, ni kuwa yakan ci min kwana huɗu. Ka danna, ka tsayar, ka rubuta, ka koma baya. Waƙar buɗe wani shiri na ji ta har sai da ta riƙa zuwar min a sujada, na yi ta istigfari.

Masu sayen kayanmu kuwa iri biyu ne, kuma babu mai biya a cikinsu. Akwai editocin mujallu, waɗanda za ka aika wa aikin shekara guda su amsa bayan wata takwas. Akwai alƙalan mujalla, mutum biyu da ba ka san sunansu ba, ɗaya ya ce takardar ta yi tsawo, ɗaya ya ce ta yi gajarta, edita ya ce ka gyara yadda duka biyun suka ce. A gida kuma babu wanda ya taɓa fahimtar abin da nake yi. Yayana Sule, mai shagon akwatuna da jarkokin zamzam a Kudai, idan alhazai suka cika shagon sai ya nuna ni ya ce, "Ga ƙanena nan, dakta ne." Kafin in buɗe baki wata hajiya ta miƙo min gwiwa tana cewa tun Safa da Marwa take mata ciwo. Shi kuwa yana bayan kanta yana dariya, sai ya ce, "Hajiya, bar shi, wannan sai dai in katun ne ba shi da lafiya."

Yanzu ga kasa-kasan da suka kusa kashe ni. Muna yara akwai wani shiri da muke kira Jirgin Baƙi, ba sunansa ke nan ba, mu muka sa masa. Labarin wasu mutane ne da kakanninsu suka zo a jirgi don gina wani birni a sararin samaniya. An gama birni, aka manta da su. Jikokinsu suna zaune a ƙarƙashin birnin cikin bututu da wayoyi, su ne masu shara, su ne masu gyara, amma na'urar da ke rajistar mutane ba ta san da su ba. Duk kashi, sai a yi faɗa da gudu da harbe-harbe, can wajen ƙarshe kuma a shiga majalisa a yi muhawara a kansu. Wata tasha ce ta tsallaken teku take nuna shi, eriyarmu tana kama ta saboda muna kan dutse. Mu yara ba ma gida a lokacin, daga La'asar zuwa Isha'i muna masallaci gaban malam. Sai Gwaggo Hansatu, ƙanwar mahaifinmu, ta ɗauki nauyin naɗa mana. Ita ce mai bidiyo ɗaya tilo a layinmu, da kuɗin ƙosai da kunu ta saya. Ranar Alhamis a tara mu a tsakar ɗakinta, mu goma sha biyar, a sa mana na mako guda.

Abin da muka sani shi ne labarin ba ya ƙarewa. Ana cikin magana sai hoto ya watse, sai ga waƙar kashi na gaba. Mun ɗauka haka Japanawa suke ba da labari. Mukan ƙarasa wa kanmu a hanyar makaranta, kowa da nasa, har a yi dambe.

Da na dawo na jera kasa-kasan Gwaggo da asalin da na kawo daga Japan, na riƙe agogo, sai na ga abin mamaki. Shirin kashi ashirin da shida ne. Bakwai na farko cikakku ne. Na takwas ya rasa daƙiƙa talatin a ƙarshe. Na tara ya rasa minti guda. Haka abin ya yi ta ƙaruwa har na ashirin da biyar ya rasa kusan minti goma. Kuma me ake yankewa? Majalisa. Daidai inda mutanen ƙarƙashin birni suke miƙewa su ce mu ma a ƙidaya mu. Yadda labarin ke ƙara zafi, haka almakashi ke ƙara ci. Har na gano cewa duk bayan kashi biyar yankan yakan yi tsalle, ya ƙaru fiye da yadda ya saba. Na ce ai shi ke nan, kwamitin tace fina-finai na tashar duk mako yake zama, kuma duk zama sai sun ƙara tsorata. Na zana jadawali mai layi yana hawa sama kamar matakalar gidanmu. Wata goma sha huɗu na yi a kan takardar nan.

Babbar mujallar fanninmu ta karɓa. Alƙalan nan biyu da ba su taɓa yarda da juna ba suka yarda da ni. Gidauniya ta rubuto cewa da zarar takardar ta fito, ƙarin shekara biyun nawa ne. Na sayi sabuwar riga. Na fara gyara wa mutane magana a wurin walima.

Ana saura mako shida a buga, Sensei ta zo wani taro a Jidda. Ba Musulma ba ce, ba ta shiga Makka, don haka ni na hau mota na same ta a zauren otal. Ta sa an kawo shayi, ta fito da takardata, babu jan biro ko ɗaya a jiki. Na ji daɗi, ashe ban san komai ba.

Ta ce, "Jadawalin ya yi kyau. Waƙar rufewa fa? Ita ma babu ita a kasa-kasan?"

Na ce babu.

Ta ce, "Me waƙar ta yi wa gwamnati?"

Na ce wataƙila tashar ta katse shirin gaba ɗaya ta sa wani abu, mai naɗa kuma ya tsayar.

Ta ce, "Wataƙila. A wane gefen kati ka rubuta wannan?" Ta kurɓi shayi. "Mai tacewa ma'aikaci ne, yana son aikinsa ya yi tsabta. Ban taɓa ganin wanda ya yanke mutum a tsakiyar kalma har sau goma sha tara ba. Wa ya naɗi kaset ɗin?"

Na ce gwaggona.

"Ka tambaye ta?"

Na ce tsohuwa ce, ba ta yi boko ba, ƙosai take sayarwa. Sensei ta dube ni irin kallon da ake yi wa yaron da ya yi fitsari a tabarmar baƙi. Ta ce in ƙara layi ɗaya a ƙasan shafi: wanda ya naɗa, da shekara, da lokaci, da irin na'ura. Layi ɗaya kawai. Ta rako ni har bakin ƙofa tana rusunawa.

Ku da kuke kwana kuna tashi da isnadi, kun riga kun ga inda na faɗi. Na yi shekara da watanni ina sharhin matani, ban taɓa tambayar wa ya ruwaito ba, alhali mai ruwayar tana da rai, kuma duk Juma'a ina cin tuwonta.

Washegari da yamma na hau Nakkasa. A lokacin an fara shafa wa wasu gidaje jan fenti a can ƙasa, ana ta raɗe-raɗin rusau, kowa ka gani yana lissafin inda zai nufa. Gwaggo tana nan a ɗakinta, shekarunta sun haura saba'in, tana tsince wake a faranti, talabijin na ta surutu shi kaɗai. Sunan mahaifinta aka sa min, don haka ba ta kiran sunana.

Ta ce, "Babana, yau ba Juma'a ba. Lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, Gwaggo. Kasa-kasan nan na Jirgin Baƙi, a wace shekara kika naɗa?"

Ta ce, "Shekarar da Sule ya karye a hannu. Bayan zafi ya fara sauka."

Na fito da kati ina rubutawa. Na ce da ƙarfe nawa ake nunawa. Ta ce ita ina ta san ƙarfe, bayan ta sauke kaskon yamma ne dai. Na buɗe baki zan yi tambaya ta gaba, sai lasifikar masallacin layinmu ta yi ƙara, ladan ya ɗaga murya. Gwaggo ta ajiye faranti, ta dafa gwiwa ta miƙe, ta taka zuwa bango, ta kama filogin da ke ɗauke da talabijin da komai da komai, ta fizge shi. Mai karanta labarai yana tsakiyar kalma ya mutu.

Na zauna ina kallon baƙin gilashin. Na ce, "Gwaggo, kullum haka kike yi?"

Ta ce, "Me?"

"Zare waya in an kira salla."

Ta ce, "To da fa? Ana kiran Allah shaiɗan yana magana a ɗakina? Yalla, tashi ka yi alwala."

"Har lokacin da kike naɗa mana katun?"

Ta ce, "Katun ɗin ya fi ladan ne?"

Sallar Magaribar nan, Allah ya karɓa kawai, don ban san abin da liman ya karanta ba. Tashar a wata ƙasa take, Magaribarsu ba tamu ba ce, shirinsu suke yi ba ruwansu. Mu kuwa rana tana ƙara gajarta, kullum ladan yana ɗan matso da kiransa. Da safe na sami kalandar lokutan salla ta Makka, na ɗora ta a kan jadawalina. Suka hau juna kamar murfi da tukunya. Tsallen da nake gani duk bayan kashi biyar, wanda na ce zaman kwamiti ne, kwana biyun hutun mako ne da ba a nuna shirin, rana kuma ba ta hutu. Wuraren da zaren kaset ya tamuke, waɗanda na yi ta lallashi da bayan cokali, daidai kan yankan suke, saboda an ɗauke wa na'ura wuta zare yana cikin bakinta. Shaida tana hannuna wata goma sha huɗu ina goge ta. Kwamitin da na yi wa shafi talatin, da tsoronsa da manufarsa, mace ɗaya ce mai zani da carbi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, kwana tara na yi ban rubuta wa kowa ba. Babu wanda ya sani sai ni. Kasa-kasan a ɗakina suke, tashar ta daɗe da canja suna, alƙalan mujalla kuma ba su san lokacin Magariba a Makka ba, ba su ma san tana motsi ba. Layin da Sensei ta nema zan iya rubuta shi gaskiya tsantsa: wance ta naɗa, shekara kaza, na'ura kaza. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi komai ba. Na je shagon Yaya Sule na faɗa masa. Ya yi dariya har ya zauna a kan akwati yana share hawaye. Da ya natsu ya ce, "Tayyib. Yanzu wa ya sani?"

Na ce ni da shi.

Ya ce, "Ni ban ji ba. Halas. Kai da ka samu masu ba ka kuɗi ka kalli katun, za ka je ka ce musu ka kalla ba daidai ba? Matarka cikin wata bakwai gare ta. Ka yi shiru, ka karɓi shekara biyunka, ka yi musu wani aikin mai kyau ka wanke."

Maganarsa akwai hankali a ciki, shi ya sa ta dame ni. Na ji tsoro sosai, na kuma ji kunya, kunyar ma ta fi. Abin da ya hana ni ba tsarkin zuciya ba ne. Na zauna ne zan rubuta layin nan, sai na ga dole in sa sunan Gwaggo a ƙarƙashin jadawalin, a matsayin shaida a kan abin da na san bai faru ba. Matar da ba ta yarda talabijin ya yi magana a kan ladan ba, ni zan jingina mata ƙarya a mujallar da ba za ta taɓa iya karantawa ba. Hannuna ya ƙi.

Na rubuta wa edita na janye takardar, na faɗi dalili filla-filla. Ya amsa a kwana ɗaya, karo na farko a tarihin mujallu. Gidauniya ta aiko da wasiƙarta mai layi uku. Sensei kuwa kati ta aiko min ta gidan waya, fari fat, an ja layi a tsakiya, ba a yaga ba. Shekarar nan ita ce muguwar shekarata. Na saki ɗakin Shisha, muka koma ɗaki ɗaya a bayan shagon Yaya. Na yi tafinta, na yi wa alhazai jagora, na sayar da jarkoki. Hajiyoyi suka ci gaba da miƙo min gwiwa, har na koyi sunan man zafi guda biyu. Labarin kuma ya zaga fanninmu, don mu ba mu da yawa. Har yau akwai wani farfesa a Turai da in ya gan ni a taro sai ya duba agogo ya tambaye ni ko lokacin salla ya yi.

Na koma kan katunan rubutuna, don ba ni da wani abin yi. Na bi yankan ɗaya bayan ɗaya da kalanda, wannan karon hagu daban, dama daban. Goma sha takwas suka zauna daidai. Na goma sha tara ya ƙi. Shi ne kashi na ƙarshe, na ashirin da shida. Bisa lissafin rana, minti goma ya kamata ya rasa. Minti ashirin ya rasa. An zare wayar tun shirin bai yi nisa ba, ladan ko alwala bai yi ba. A da, wannan shi ne babban dalilina, na ce a nan kwamiti ya firgita gaba ɗaya. Yanzu na san wa zan tambaya.

Na same ta tana ɗaure kaya a buhu. Jan fentin ya hawo har layin da ke ƙasa da nasu, ta ce ba za ta jira a zo a same ta tana neman murfin tukunya ba. Na zauna a bakin gado na ce, "Gwaggo, kashin ƙarshe na Jirgin Baƙi. Ranar ba a kira salla ba kika zare."

Ba ta ce ta manta ba. Ta ci gaba da ninke zani. Ta ce, "Wanda aka zo da manyan motocin ƙarfe?"

Na ce shi.

Ta ce, "Na ga sun tsaya a bakin unguwar mutanen nan. Ana kiran su da lasifika, kowa ya fito da takardarsa. Wata tsohuwa ta fito da tukunya a ka, yara suna riƙe da zaninta." Ta ɗaure bakin buhu. "Ku goma sha biyar ne a ɗakin nan ranar Alhamis. Nawa ne a cikinku masu igama, takardar zama a ƙasar nan, a lokacin? Huɗu. In sa muku wannan ku kalla, ku je ku kwanta? La wallah."

Ashe dai akwai mai tacewa, sau ɗaya tak, kuma ta san abin da take yi fiye da duk wanda na karanta. Takardar da na rubuta a kan wannan, bayan shekara biyu, ita ce ta samo min aikin koyarwar da nake yi yanzu, sunan Gwaggo yana shafin farko, da izininta. Amma ranar ba takarda nake tunani ba.

Ta jawo wani buhun, ta ɗan tsaya, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Babana, kai ka ga ƙarshen a can wurinsu?"

Na ce na gani, ya fi sau ashirin.

"Me aka yi musu?"

Shekara talatin tana riƙe da tambayar, ba ta taɓa yi wa kowa ba. Na faɗa mata abin da ke gefen hagu na katin. Na ce tsohuwar ta ajiye tukunyarta a gaban motar ta zauna, sauran suka zazzauna. Direbobin suka kashe injin. Aka kira majalisa, aka yi muhawara, aka kaɗa ƙuri'a. Na'urar rajista ta buɗe, aka rubuta sunan kowa, aka ba kowa katinsa, har jarirai. Sai waƙa.

Ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Duka?"

Na ce duka.

"A cikin minti nawa?"

Na ce ashirin.

Gwaggo ta yi tsaki, ta ja igiyar buhu da haƙori ta ƙulle. Ta ce, "Takarda a minti ashirin. To gara da na zare. Da kun tashi da ƙarya a kai." Ta turo min buhun da ƙafa. "Ɗauki wannan ka kai ƙasa, ka bi a hankali, kofuna ne a ciki."